Harshen Kaba

A shekarar da ake ta maganar mulkin kai na dawo gida Bagudo hutu daga makarantar 'yan mata ta kwana. Ruwan farko ya riga ya sauka, gero ya fara leƙowa a gonakin bayan gari, amma na tarar da Kaka, mahaifiyar babana, ba ta cikin walwala. Tuwo kaɗan take taɓawa ta ture akushi.

Ba a daɗe ba na ji dalili. Maza a gindin tsamiyar ƙofar gidanmu suna ta cewa idan Turawa suka tafi kowace ƙasa za ta kama kanta, tamu ta Ingilishi daban, ta Dahome da ke hannun Faransi daban, a zuba masu tsaro a iyaka, ba mai ƙetarewa sai da takarda. Ba wanda ya san gaskiyar maganar. Ita kuwa Kaka tana da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, da aka aurar can ƙetare tun kafin a haifi babana. Sau ɗaya suke haɗuwa a shekara, lokacin da kaɗanya ke zuba, a wani daji da ke tsakaninsu. A wannan karon saƙo ya zo ta bakin wata mai daddawa da ke cin kasuwar Lolo ta bakin iyaka: ƙanwar za ta biyo matan ƙauyensu tsintar kaɗanya ranar Laraba, kuma da azahar za su juya da ita, don ba a barin tsohuwa ita kaɗai a daji.

Babana bai so tafiyar ba, domin yanar ido ta rufe wa Kaka gani, sai dishi-dishi take gani.

"Inna, da wane idon za ki?"

"Da ƙahwa ake tahiya," in ji ta. "Ido kuwa ga na aro nan." Ta nuna inda take jin motsina. "An ce 'yar boko ta san duniya duk a takarda. To, ta zo ta nuna min."

Muka fita ranar Litinin bayan sallar asuba. Ina ɗauke da ƙwarya a kan gammo, cikinta dunƙulen fura da ƙuli-ƙuli da turmin atamfa da Kaka ta daɗe tana ajiye wa ƙanwarta. Ita tana riƙe da sanda a hannu ɗaya, ɗayan a kafaɗata, ba nauyi, kamar kurciya ta sauka.

Har yanzu in na rufe ido ina iya bin hanyar nan. Tana fita ta bayan marina, ta ratsa gonaki inda ƙasa ke ƙamshin ruwan jiya, ta gangara fadama inda belbelu ke tsaye cikin shinkafa kamar an shanya fararen kallabi. A bakin kogin Kwara wani masunci ya haye da mu a kwale-kwalensa. Na sa yatsu cikin ruwa ina kallon giginyoyin ƙetare suna matsowa, na yi ta haɗa baituka a zuci waɗanda ban rubuta ba, kafin mu sauka sun bi ruwa. Kaka ba ta kallon komai, amma ita ke faɗa min inda muke. Ta ce an kusa kukar nan mai rami, sai ga kuka. Ta ce a nan ƙasa za ta yi laushi, sai na ji yashi na cika min takalmin makaranta.

"Cire shi, Malama," ta ce. "Kin sa wa ƙahwarki kurkuku, ta yaya za ta san hanya?"

Ban cire ba sai da ya ji min ciwo a dunduniya.

Kwana biyu muka yi a hanya, muna sauka gidajen dangi. A kowane gida sai an tambaye ni, tunda ni ce mai karatu, ko da gaske za a rufe iyaka. Nakan ce a taswirar ajinmu jan layi ne siriri, ya fito daga kogi ya yi kudu. Kaka ta yi dariya da ta ji haka. Ta ce ita iyakar da ta sani ciyawar gamba ce da ake dasawa tsakanin gona da gona, kuma ba ta taɓa ganin gambar da ta hana mace kai wa maƙwabciyarta wuta ba. Ta faɗa da dariya, amma na ji yatsunta sun ƙara damƙe kafaɗata.

Ranar Laraba da hantsi muka bar ƙauye na ƙarshe. Gonaki suka ƙare, sai sabara da ƙalgo da suri jajaye, can gaba kuma duhun manyan itatuwa. A bakin dajin akwai mararraba inda hanyarmu ke haɗuwa da wadda ta fito daga Dahome, daga nan kuma hanya ta rabu biyu ta shiga daji, ɗaya dama ɗaya hagu. Ba kowace shekara kaɗanya ke zuba a wuri ɗaya ba, saboda haka matan da suka riga isowa sukan ƙulla ganyen kaba a mararrabar, don na baya su san inda aka nufa. Ƙanwar Kaka tana da nata ƙullin, ninki biyu, irin wanda mahaifiyarsu ta koya musu.

Kaka ta gaji. Ta zauna a kan wani kututture tana mayar da numfashi, ta ce in je in duba. Kabar tana ƙetaren wani ɗan kwazazzabo. Na tsallaka, na tarar da ƙullin nan ninki biyu, ɗanye shar, sai zuciyata ta yi fari. Na tsaya ina kallonsa. Ƙullin ya yi dunƙulallen kai ya karkata dama, sauran ganyen ya saki siriri ya yi hagu. A makaranta an koya mana kibiya a kan taswira, kuma kan kibiya ake bi. Ban ga abin tambaya a ciki ba.

"Ta iso, Kaka! Dama suka yi."

"Alhamdu lillahi. Mu tahi."

Hanyar dama kyakkyawa ce, abin da ya ƙara ruɗa ni ke nan. Dorawa ta yi mana rumfa, hasken rana na zubowa ta tsakanin ganye yana yawo a kan zanen Kaka, wani tsuntsu da ban san sunansa ba yana ta maimaita kalma ɗaya. Na shagala ina ƙoƙarin gane abin da yake cewa. Mun yi tafiya mai nisa, inuwarmu ta dawo ƙarƙashin ƙafafunmu, sai Kaka ta tsaya cak. Ta goga tafin ƙafarta a ƙasa, ta ɗaga hanci.

"Wagga marmara ce. Kuma ban ji warin ruɓaɓɓiyar kaɗanya ba, ban ji muryar mace ko ɗaya ba. Ke, mi kika gani ga kabar?"

Na kwatanta mata, na ce kan ƙullin ya kalli dama.

"Kai? Harshen fa?"

"Wane harshe, Kaka?"

"Bakin ganyen da aka saki. Ina ya nuna?"

Na ce hagu, murya can ƙasa.

Na jira faɗa. Sai ta ce a hankali, "Ɗiyata, kai tunani shi ka yi. Harshe ka magana. Ko a makarantarku da kai ake ba da amsa?" Ta juya da kanta, ta laluba kafaɗata. "Laihina ne, ban hwaɗa miki ba. Na ɗauka da shi ake haihuwar mutum."

Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Muka koma da sauri iyakar saurin tsohuwa, ni ina kallon rana, ita tana jin ta a ƙeya. Ina ta lissafin abin da na yi: idan maganar mazan gindin tsamiya gaskiya ce, na cinye wa mata biyu haɗuwarsu ta ƙarshe saboda kan kibiya. Hawaye na zuba, ban share ba don kada ƙwaryar ta motsa Kaka ta gane. A mararraba ta ce in kai hannunta kan kabar. Ta shafa ƙullin, ta bi ganyen da yatsa har bakinsa, ta gyaɗa kai, muka kama hagu.

Azahar ta gota lokacin da muka iso. Warin kaɗanya ne ya fara tarbar mu, mai zaƙi-zaƙi kamar fura ta kwana. Ƙasa duk sawun mata, ga inda aka ajiye kwanduna ciyawa ta kwanta, ga ɓawon da aka tsotse aka yar. Ba kowa. Kaka ta tsaya tana saurare, ta ce, "Sun tahi ko?"

"Wa za shi tahi ya bar makauniya da jagorar banza?"

Daga bayan wata katuwar kaɗanya muryar ta fito. Wata 'yar tsohuwa ce zaune ta miƙe ƙafafu, ƙafa ɗaya naɗe da tsumma, fuskarta ta Kaka ce sak, sai dai an rage mata tsawo.

"Yaya, tun hantsi nike nan. Ko kin tsaya aure a hanya?"

"Rufe min baki, gajeruwa. Malamar makaranta ce ta karanta min kaba daga kai."

Ƙanwar ta dube ni, ta kwashe da dariya har da tari. "Daga kai! Wannan ce jikar? Zo nan, Malama, in ga kan da ke karanta kai." Na durƙusa na gaishe ta, ta riƙe haɓata ta ce na yi kama da mahaifiyarsu, ita ma haka take, a aike ta rijiya ta tsaya kallon gajimare.

Na gaya wa Kaka akwai tsumma a ƙafar ƙanwarta, ta tambayi abin da ya same ta. Ƙanwar ta warware tsumman, ƙafa lafiya lau. Ta ce da matan suka ɗaura kaya sai ta ce ƙaya ta soke ta, ba za ta iya takawa ba, su gaya wa 'ya'yanta tana rugar Fulanin da ke bayan ƙorama, gobe a zo da jaki. Matar rugar ƙawarta ce, ta riga ta ce mu zo mu kwana. "Can ma ana ta maganar takarda," ta ce. "Na ce in wagga ce ta ƙarshe, to ba rana ce za ta kore ni ba."

Kaka ta zauna kusa da ita, ta ajiye sanda, ta sa hannu biyu ta shafa fuskarta tun daga goshi har haɓa, a hankali, kamar mai gyaran tukunya ɗanya.

"Kin tsuhwa."

"Ke dai da ba ki gani ai kin huta da madubi."

Na dama musu fura, na ba da atamfar. Daga nan harshensu ya juye, rabi Hausa rabi Dandanci, yaren can ƙetare, sunayen matattu da na jarirai suna ta wucewa, ban gane ko rabi ba. Kaka ta miƙo min ƙwaryar ta ce in je in tsinto kaɗanya, kada in yi nisa, kada kuma in karanta komai.

Na daɗe ina tsinta. Ina jin dariyarsu tana tashi tana sauka ta cikin itatuwa, daga baya ta koma ƙus-ƙus, daga baya na daina jin komai. Da ƙwaryar ta cika na dawo, sai na same su sun yi barci. Sun jingina da gindin itacen, kan ƙanwar a kafaɗar Kaka, atamfar a buɗe a kan cinyoyinsu, hannun Kaka riƙe da gefen zanen 'yar'uwarta. Tafiya mai nisa kowaccensu ta yi, ga maganar shekara guda ba su gama ba, ga la'asar ta kusa. Na ɗaga hannu zan taɓa Kaka, sai na fasa. Na karyo reshen ƙalgo, na zauna a gabansu ina kore musu ƙuda.