Ƙafar Mai Bula

Uwar mijina ta yi shekara talatin da ɗaya tana wanki a asibiti. Ba ta taɓa riƙe allura ba, amma duk zanen gadon da aka shimfiɗa wa majinyaci a wannan asibiti ta hannunta ya bi. Ɗakin aikinsu yana can baya kusa da tankin ruwa: kwatami uku na siminti, babbar tukunyar dafa kaya, da igiyoyin shanya da suka kai har katanga. Ma'aikata Mai Bula suke ce mata, don farcenta kullum shuɗi ne, ko ta dirje ba ya fita. Mu kuwa Inna muke kiranta.

Ta san tabo kamar yadda malami ya san baƙi. Da ta ɗaga zane za ta faɗa maka daga wane ɗaki ya fito, kuma ko mai shi yana samun sauƙi ko sai addu'a. Mijinta ya rasu tun da ƙuruciyarta ya bar mata 'ya'ya huɗu, da wannan wankin ta raine su. Mijina shi ne ƙaraminsu, har ya yi gemu Auta take ce masa.

Gab da ta ajiye aiki aka gano tana da ciwon suga. Bai dame ta ba, don asibitin kamar gidanta ne. Ba ta bin layi, ba ta neman kati. Tana shiga ana Mai Bula ta zo, wannan ya auna ta, wancan ya miƙo mata magani ta taga. In ta dawo gida sai ta ɓare ƙwayoyin daga takardarsu ta zuba a wata 'yar kwalba, ta yar da kwalin. Babban fari safe da yamma, ƙaramin ja da safe kaɗai. Na taɓa tambayarta sunan maganin, ta ce me za ta yi da sunansa, ai ba aurensa za ta yi ba.

Mu muna wata ƙasa mai nisa, inda maigidana yake aiki a ma'ajiyar kifi, yana loda kwalaye cikin ɗakin ƙanƙara. A can na haifi 'yan biyu, mace da namiji, kuma sai da aka yi mini aiki. Muna bene na huɗu, ɗaki biyu da falo, babu dangi, maƙwabta kuwa daga gaisuwar kai ba ƙari. Ganin na kasa ko ɗaga bokiti, ya nema wa Inna biza. Ba a bayarwa sai da inshorar lafiya, don haka ya yanka mata ta wata uku.

Kafin ta taso, Yaya, wato babbar 'yarta, ta ce ta je likita ya rubuta mata takardar da ke nuna ciwonta da abin da take sha. Ta je kuwa. Ta yi awa biyu tana zaga ɗakuna tana sallama da mutane, likitan yana ɗakin tiyata, ta dawo da maganin wata uku a leda ba takarda. Ta ce wa Yaya ai magani ne mai aiki, ba takarda ba.

Ranar da ta sauka ana sanyin da ke shiga ƙashi, ita kuwa da silifa a ƙafa, don duk rayuwarta ba ta san wani takalmi ba. Daga filin jirgi maigidana ya biya da ita kanti ya saya mata takalmi mai rufi. Ya tambaye ta ko ya matse ta, ta taka sau biyu ta ce daidai ne, kamar don ita aka yi.

Gidanmu ya canja a sati ɗaya. Ta karɓe yaran, ni sai dai in ba su nono in koma in kwanta. Namijin take ce wa angonta, tana masa tsiya wai ta tsallako ƙasashe ta zo wurinsa shi kuwa sai barci, ko kallonta ba ya yi. Injin wankinmu ne kawai ba su shirya ba. Takan tsaya tana kallonsa yana juyi, ta ce wannan ba wanki yake ba, hajijiya kawai yake sa wa kaya. Duk abin da ya fito daga cikinsa sai ta sake bi da hannu, ta goge har safar jarirai. Da hantsi takan sa takalminta ta tura su a keken jarirai zuwa wani ɗan fili mai kujeru a ƙarshen layi, ta zauna tana gaida masu wucewa da Hausa, su yi mata murmushi su wuce.

Wata uku ya cika macen tana fama da tari, Inna ta ce ba ta ga ta tafiya ba. Aka ƙara mata kwanaki. Takardar inshora tana aljihun akwati, wa'adinta ya wuce, babu wanda ya tuna da ita, har ni.

Ni na fara lura kwalbar maganin ta yi ƙasa, kuma ƙwayoyin ciki duk rabi-rabi ne. Ashe da wuƙa take raba su don su kai ta. Maigidana ya kai ta kantin magani, ta zazzage su a tafin hannu ta nuna wa mai kantin. Matar ta juya su, ta ce farar ƙwaya irin wannan ta fi ɗari, kuma ko ta gane ta ba ta da ikon sayarwa sai da takardar likita. Ƙaramin asibitin unguwa suka ce tunda ba ta da rajista da su, sai nan da sati uku. Aka kira Yaya ta je ta samo sunan maganin, ta tarar an yi wa mai ba da maganin canjin wurin aiki, sabon kuma bai san wata Mai Bula ba, ya ce a kawo lambar kati. Inna ba ta taɓa sanin tana da lamba ba. Sai da aka yi kwana takwas kafin a tono fayil ɗinta.

Duk muna ta kan ƙwayoyi, ba mu san abin da ke cikin takalmi ba.

Na ga ta daina cire safa ko a ɗaki, na ɗauka sanyi ne. Na ga ta hana ni taɓa zanen gadonta, ita ke wankewa kullum, na ɗauka halinta ne. Wata safiya ta shiga wurin yara, na shiga banɗaki ɗauko baho, sai na ga safarta jiƙe a ruwan gishiri a bayan ƙofa. Ruwan ya yi ja-ja, ga wani wari da ban taɓa jin irinsa ba. Na fito na durƙusa gabanta, abin da ban taɓa yi ba, na ce, "Inna, don Allah ki nuna mini ƙafarki."

Ta ce ɗan ƙuje ne, takalmi ya ci ta, tana sa masa gishiri. Ban tashi ba. Sai ta sunkuya ta zare safar a hankali. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun yi baƙi, gefen ƙafar ya kumbura yana sheƙi har idon sawu.

Na kira maigidana ya baro aiki da rigar ƙanƙararsa a jiki. Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa da ba mu taɓa yin magana mai tsawo ba, ita ta zauna da yaran, muka tafi babban asibiti. Sun karɓe ta ba gardama, sun ce maganar inshora a bari sai daga baya. Amma a nan babu wanda ya san ta. Aka ɗaura mata wata 'yar roba mai lamba a hannu, muka zauna a layi awa huɗu. Ta riƙa bin ma'aikatan da ido, in wata ta gifta sai ta gyara zama kamar za a gaishe ta.

Likitar yarinya ce, ba ta fi ni ba. Maigidana ne yake fassara. Ta tambaya tun yaushe, Inna ta ce kwana uku. Likitar ta kalli ƙafar, ta sake tambaya. Inna ta ce wa ɗanta ya fita, ni in tsaya. Da ɗan abin da nake ji na yaren ƙasar na faɗa wa likita gaskiyar da Inna ta faɗa mini: sati biyar. Likitar ta ɗauko wani siririn abu kamar zare, ta sa Inna ta rufe ido, ta riƙa taɓa tafin ƙafar wuri-wuri tana cewa in ta ji ta yi magana. Ta taɓa wuri goma. Inna idonta a rufe tana jira, har ta tambaye ni ko an fara.

Washegari aka cire yatsu biyu. Bayan kwana shida aka ce abin ya haura, aka kira mu wani ƙaramin ɗaki mai kujeru uku aka yi mana bayani da zane a takarda. Maigidana ya kasa shiga ya faɗa mata, ya tsaya a baranda ya haɗa kai da bango. Ni na faɗa mata za a yanke daga ƙasan gwiwa. Sai ta tambaya ko yaran sun sha nono. Na ce sun sha. Hawaye ya ƙwace mini, na ce me ya sa ba ta faɗa mana ba tun farko.

Ta ce, "'Yar nan, na zo in rage muku wahala ne, ba in ƙara ba. Ke da ɗinki a ciki, shi yana fita tun duhu. Kuma ba ya mini ciwo. Abin da ba ya ciwo, ta ina mutum zai fara faɗarsa?"

Ta yi sati bakwai a kwance. Abincinsu ba ya mata daɗi, sai abin da na dafo. Da rana in ba ma nan ba ta da abokin magana, in tana son ruwa sai ta nuna kofi. Akwai wata mai shara, ita ma baƙuwa ce daga wata ƙasa, da takan jingine tsintsiyarta ta gyara wa Inna filo. Kowa na yarenta, amma sai in tarar da su suna dariya. Wata rana Inna ta sa na tambayi ma'aikaciyar jinya inda ɗakin wankinsu yake, tana so in an sallame ta a tura ta ta gaida masu aikin. Aka ce ba su da shi, mota ce take kwashe kayan ta kai wani kamfani a bayan gari. Ta ce to, ba ta sake tayar da zancen ba.

Da aka sallame ta mun so ta zauna a yi mata ƙafar roba, ta ce a'a, a mai da ita inda in ta yi magana za a ji. Wannan karon likitar ta rubuta komai shafi uku, da sunan kowane magani. Maigidana ya raka ta. A filin jirgi ta karɓi yaran ɗaya bayan ɗaya tana zaune a keken guragu, ta ce wa namijin ta sake shi, tunda ta kwanta sati bakwai bai zo dubiya ba.

Ta yi shekara biyu da wata huɗu a ɗakin Yaya. Duk ƙarshen sati muna kiranta a waya ta ga yaran, ta ga sun fara tafiya, ta ji sun fara kiran Kaka. Ba ta taɓa cewa laifin wani ba ne. Maigidana ne bai yafe wa kansa ba, har yau in ya tuna sai ya ce da ya sayi takalmi lamba ɗaya sama da wancan.

Wata safiya ina sa wa yara riga Yaya ta kira ta ce Inna ta cika, ƙodarta ce ta tsaya. Babu jirgin da zai kai mu a kan lokaci. Maigidana ya saurara har ta gama, ya ajiye wayar, ya ɗauki jakarsa ya fita aiki kamar kullum. Kafin azahar na ji mukulli a ƙofa. Ya shigo ya zauna a ƙasa a tsakar falo bai cire rigar aikin ba. Yaran suka zo suka hau bayansa suna zaton wasa ne, ya bar su.