Hamonikar Mai Begila

Shekaru masu yawa ke nan ina yi wa Mai Begila aski, kuma a duk tsawon lokacin nan kansa kawai nake taɓawa. Gashin bakinsa kuwa, ko almakashi na ɗaga kusa da shi sai ya kama mini hannu. Shi yake gyara abinsa a gida da ɗan matajinsa, ya murza ƙarshen nan biyu su miƙe sama. In ya shigo layinmu, gashin bakin ne yake fara yin sallama kafin shi. Ni dai abin yana ci mini rai, don ba mai askin da zai so a kawo masa fuska a ce masa rabi ba nasa ba ne.

A ma'aikatar jirgin ƙasa ya yi aiki har ya yi ritaya. Da safe yana gyaran birki, da yamma ya wanke baƙin mai, ya sa farar riga, ya shiga cikin 'yan badujalar ma'aikata ya busa begila, irin mai maɓallai uku a sama. Daga nan sunan ya bi shi. Mutum ne da komai da ƙarfi yake yin sa: gaisuwa da ƙarfi, tari da ƙarfi, in ya rufe ƙofar shagona sai madubi ya girgiza. Bayan ritaya, shi da tsofaffin abokan busarsa ba su watse ba. Kowace Asabar da yamma suna haɗuwa a wani ɗaki da ke bayan tsohuwar tasha, su yi ta busa har la'asar ta yi sanyi.

Sai ciwon dasashi ya kama shi. Likita ya cire masa haƙoran gaba na sama, aka yi masa na roba. Wanda bai san begila ba zai ce ai an gama, tunda ga haƙora sun dawo. Amma begila a kan leɓe take zama, leɓe kuma haƙori yake jingina da shi. Ranar da ya koma cikin abokansa ya cika kumatu ya busa, sai haƙoran suka zame, ya tare su da tafin hannu a gaban kowa. Daga baya ya gaya mini cewa ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ne ya fi yi masa ciwo. Ya mayar da begilar cikin akwatinta, bai sake zuwa ba.

Daga nan Asabar ɗinsa ta koma shagona. Ya zo ya zauna a benci, ba aski yake so ba, ba hira yake so ba, ya zuba wa titi ido. Muryar nan ta ragu, har ƙofar ma a hankali yake rufe ta. Wallahi na tausaya masa, kuma na yi kewar girgizar madubina.

Wata rana na ce, "Baba, yau fa Asabar ce."

Ya ce, "Na sani. Ka yi aikinka."

A jikin shagona akwai rumfar Mai Rediyo, mai sayar da batir da caja da agogon bango. A can Mai Begila ya ga wata hamonika, 'yar abar kiɗan nan da ake busawa da baki, a cikin kwalinta, ta sha ƙura a bayan fitilu. Ta fi irin ta yara tsawo da nauyi, tana da jerin ramuka a gaba, da wani ɗan maɓalli a gefen dama. Ya yi mini bayani kamar malami a aji. Irin ta yara, in ji shi, tana da giɓi, akwai sautukan da babu su sam. Wannan kuwa in ka danna maɓallin, kowane rami sai ya ɗan ɗaga murya, saboda haka duk sautin da begila take da shi ita ma tana da shi. Kuma ba ruwanta da haƙori. Kuɗinta bai kai na takalmi mai kyau ba. Rabon da in ga idonsa da haske irin na ranar, tun kafin a cire haƙoran.

Nan take ya saye ta, ya gwada ta a bakin shagona. Ya tsaya yadda ya saba, ƙirji a gaba, ya cika kumatu ya hura da duk ƙarfinsa. Hamonikar ta yi wani ɗan kuka ta shaƙe. Ya ƙara ƙarfi, ta yi shiru gaba ɗaya. Ya juya kan Mai Rediyo.

"Ka ba ni gurguwa. Canja mini."

Mai Rediyo ya canja masa da ɗayar da ta rage. Ita ma ta shaƙe. Kwana biyu ya sake dawowa yana faɗa, wai kayan araha ne, wai an cuce shi. Mai Rediyo ya haɗa hannu biyu ya ce, "Baba, ni batir na sani. In ka ga dama ka ajiye ta ka ɗauki agogo."

Bai ajiye ba. Ya shigo wurina ransa a ɓace, ya hau kujera ya ce in rage masa kai. Na yafa masa ƙyalle na kunna inji. Yana riƙe da hamonikar a bakinsa yana ƙunƙuni, yana zagin wanda ya ƙera ta da wanda ya ɗauko ta. Da zagin ya ƙare masa, sai ya yi wata doguwar ajiyar zuciya irin ta wanda ya gaji da duniya, kuma iskar ta bi ta cikin ramin. Wani sauti ya fito, siriri, mai tsabta, ya cika shagon. Na kashe inji. Ya ja numfashi don mamaki, sai wani sautin daban ya fito.

Muka kalli juna ta madubi. Ya sake hurawa a hankali, kamar mai fifita shayi da baki, ta amsa. Ya ɗan ƙara ƙarfi, ta shaƙe.

Ya ce, "Ashe ba gurguwa ba ce. Lallashi take so."

Na ce, "To ai an samu matsala, Baba, don kai ba ka iya ba."

Rannan ya yi dariya har haƙoran suka so su sake fitowa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana tura iska waje da ƙarfin tsiya, yanzu sai ya koyi sakin ta sannu-sannu, ya kuma koyi cewa jan numfashi ma kiɗa ne. Ya sha wuya, ni ma na sha, don a bencina ya yi yawancin koyon.

Ba zan yi wa hamonikar nan ƙarya ba, tana da halinta. Ramukan tsakiya suna da daɗi, ko ni da ban san komai ba na ji haka. Na ƙasa suna yoyon iska, sai ya ja numfashi sau biyu kafin ya gama layi ɗaya. Na can sama kuwa tsiwa kawai suke yi. Maɓallin yakan maƙale in yawu ya bushe a ciki. Amma hannun da ya saba da birkin jirgi ba ya jin tsoron 'yan kusoshi. Ya kwance ta a kan teburina, ya wanke, ya goge, ya ɗaure ta daidai, yoyon ya ragu. Ya gano kuma in ta yi sanyi wasu 'yan ledoji da ke cikinta suna zizar ƙuda, shi ya sa kullum tana aljihun ƙirjinsa tana shan ɗumin jiki. Matarsa ta biyo ta ƙofar shagon wata rana za ta kasuwa, na tambaye ta ko ya dame su da busa. Ta ce, "Ɗana, gara wannan, ko ba komai kwanukana sun daina rawa a kan kanta. Kuma ya koma cin abinci."

Saura matsala ɗaya, kuma ita ce babba. Tsakanin murfin hamonikar da bakinta akwai 'yar tsaga mai kaifi. In waƙa mai sanyi yake busawa, lafiya lau. Amma kiɗan badujala sai an ja ta dama da hagu da sauri, kuma duk ja ɗaya sai tsagar ta cafke gashin baki ta tsige. Na sha ganin sa ya tsaya a tsakiyar waƙa hawaye na zubo masa. Ya liƙa salatif, ya jiƙe ya fita. Ya shafa wa gashin mai ya taje shi sama, ya sauko. Mijin 'yarsa ya ce akwai masu tsada waɗanda bakinsu sumul yake, zai nemo masa. Ya ce a'a, da wannan suka saba, kuma ba zai ɗora wa yaro nauyi a kan abin da bai tabbatar zai kai shi ko'ina ba.

Na ce, "Baba, maganin nan fa yana hannuna."

Sai ya faɗi abin da ban taɓa tunani ba. Tun da aka cire haƙoran leɓensa na sama ya lotsa ciki, gashin ne yake rufe shi. Ya ce, "Da ado ne. Yanzu labule ne." Na ji kunyar tsokanar da na yi ta yi masa.

Ana haka sai ga shugaban 'yan badujalar, wanda suke kira Mai Sanda saboda 'yar sandar da yake kaɗa musu. Dattijo ne mai sanƙo, ko gashi ɗaya babu a kansa, amma ya shigo ya hau kujerata ya ce a yi masa aski. Na yafa masa ƙyalle na tsaya ina neman inda zan fara. Mai Begila yana benci, ya sunkuyar da kai. Mai Sanda bai kalle shi ba, ni ya yi wa magana. Ya ce an gayyace su su yi wa marasa lafiya kiɗa a lambun asibiti wata mai zuwa. Ya ce a tsakiyar babbar waƙarsu akwai wurin da kowa yake yin shiru begila ta shiga ita kaɗai.

Na ce, "To yanzu wa yake busa wurin?"

Ya ce, "Babu. Mai ganga ne yake buga mana lokaci har wurin ya wuce, sai mu ci gaba."

Ya cire ƙyallen da kansa, ya gode mini da aski, ya fita.

Ranar Juma'a da yamma Mai Begila ya zo. Ya jira har mutum na ƙarshe ya tafi, ya hau kujera, ya daɗe yana kallon kansa a madubi. Sannan ya ce, "Cire."

Abin da na yi shekaru ina so ke nan, amma da na ɗauki almakashin sai na tsaya. Na ce, "Baba, ko mu rage kawai?"

"Na gwada a gida. Guntu ya fi shiga tsagar. Cire duka."

Na datse ƙarshen nan biyu, na bi da inji, na shafa sabulu na gama da reza. Leɓen ya fito, fari, ya ɗan lotsa kamar yadda ya faɗa, amma ba kamar yadda yake tsoro ba. Gaskiya ma ya rage shekaru. Ya zaro hamonikar daga aljihu, ya ja ta daga wannan ƙarshe zuwa wancan da gudu, ya dawo, ya sake. Ba abin da ya kama shi.

Washegari na rufe shago na bi shi, abin da ban taɓa yi ba ranar Asabar. Ɗakin nasu yana da rufin kwano da tagogi masu tsatsa, da kujerun ƙarfe a jere. Da muka shiga, tsofaffin nan suka bi fuskarsa da kallo, ba su gane shi ba sai da ya yi sallama. Mai ganga ya buɗe baki zai yi magana, Mai Sanda ya ƙwanƙwasa sandarsa ya ce a fara.

Suka fara, rufin kwano ya ɗauka. Ina ganin Mai Begila yana ta ja da turawa, amma ko ɗigon sautinsa ba ya fita a cikin wannan aradu. Na san halinsa, in ya ƙara ƙarfi za ta shaƙe a gaban kowa. Bai ƙara ba. Mai Sanda ne ya ɗaga hannu ya tsayar da su.

Ya ce, "Ku rage. Akwai mutum a cikinku da ba na ji. Kuma asibiti za mu, ba fareti ba."

Suka sake, a hankali, suna hararar juna kamar an hana su abinci. Da aka zo wurin nan kowa ya yi shiru, mai ganga ya ɗaga sandunansa ya riƙe su a sama. Hamonikar ta shiga ita kaɗai. Ba ta da ƙarfin begila, kuma a ramin ƙasa ta ɗan yi huci. Amma waƙar ta fito cikakkiya, ba giɓi, har inda ake danna maɓalli. Na ga mai busa babban ƙaho yana goge ido da bayan hannu.

Da suka kai ƙarshe ba wanda ya tafa. Mai Sanda ya nuna Mai Begila da sanda, fuska a ɗaure.

"Ka yi latti a shiga ta biyu. Ka bar mu muna jiran ka."

Mai Begila ya goge bakin hamonikar da hannun riga, ya gyara zama.

Ya ce, "Na ji. A sake daga farko."