Ranar da Surukina Ya Same Ni a Ƙarƙashin Mota

A shekarun da nake malamin gona a Dangora ina da wata tsohuwar akori-kura da na saya a hannun wani ɗan kasuwar hatsi. Lokaci ne da kaya suka yi tsada, albashi ba ya kai mutum ƙarshen wata, don haka duk abin da zan iya yi wa motar da hannuna ba na kai ta gareji. Juyen baƙin mai ma a ƙofar gida nake yi, gindin wata darbejiya.

Wata Asabar bayan an gama girbin masara na ce yau sai na wanke injin, don man ya yi kauri kamar kwalta. Yadda na koya shi ne a ɗumama inji, a kwance notin ƙasa tsohon mai ya tsiyaye, a mayar da notin, a zuba gas a tayar da mota ta ɗan yi aiki, sannan a sake tsiyayewa kafin a sa sabuwar filta da sabon mai. Na tuɓe riga, na bar gajeren wandon da nake shiga gona da shi, na karɓi wata tsohuwar tasa a wurin matata. Kashin farko ya tafi lafiya. Na zuba gas, na tayar, na kashe, na sake shigewa ƙarƙashi da sifana, ƙafafuna kaɗai a waje. Notin na kwancewa ya suɓuce ya faɗa cikin tasar, gas mai zafi ya biyo hannuna. Ina cikin lalubensa na ji sallama.

Muryar surukina ce, mahaifin matata, shi da ƙanensa. Makiyayi ne da ya daɗe da zama yana noma a wajen Doguwa, mutum mai tsananin kunya, wanda tun da na auri 'yarsa bai taɓa cin abinci a gabana ba, ni ma ban taɓa bari ya gan ni ba hula ba. Ƙanen ya ce, "Sannu da aiki, bakanike." Na duba jikina, ba riga, ƙirji duk baƙi. Sai na shaƙe murya na ce yauwa, a zatona za su shige zaure in samu in sulale ta baya in yi wanka.

Na manta zauren cike yake da buhunan masara. Matata ta fito ta gaishe su, suka tambayi inda nake, ta ce ina nan kusa. Ta kawo tabarma da ruwa, suka shimfiɗa a inuwar darbejiyar, dab da tayar gaba, ta koma ciki.

Suka fara magana ƙasa-ƙasa, Hausa da Fulatanci a gauraye, kuma zaman aure ya sa ina jin duka biyun. Surukina ya ce wa ƙanensa shi fa bai san ta inda zai fara ba. Ya ce idonsa ya kai inda ba ya iya rarrabe shanunsa daga nesa, da muryarsu yake gane su, kuma ko matarsa bai gaya wa ba. An ce masa a Kano ana cire yanar ido, amma bai san gari ba, bai san wa zai nufa ba. Sannan ya ce abin da ya fi damunsa shi ne da aka zo neman auren nan shi ne ya ƙi, ya ce ba zai ba wa mai yawo da biro a gonar mutane 'yarsa ba, sai da 'yan'uwa suka matsa masa. Yau ga shi ya zo ƙofar mutumin da buƙata. Na ji ƙanen yana ba shi haƙuri.

Ina kwance ko numfashin kirki ba na yi. Cinnaku sun same ni a baya, ban iya ko susa ba. In fito, na nuna na ji. In zauna, ina ƙara ji. Tasar kuwa da ma rabinta tsohon mai ne, ta cika ta fara ambaliya, kuma ƙofar gidan gangare ce zuwa gindin bishiyar. Ina kallo baƙin ruwan ya bi ƙasa a hankali, ya taɓa bakin tabarma, ya kama gefen farar rigar surukina. Shi bai gani ba. Ƙanen ne ya lura, ya ja rigar, ya ce bakanike ya fito ya tare mansa.

Na ja jiki na fito. Ƙanen ya dube ni ya ce, "Ashe Malam ne," ya sunkuyar da kai. Na durƙusa a haka, tsirara rabi, na gaishe su. Surukina ya gane muryar. Ya amsa yadda ya saba, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, fuskarsa na kallon wani gefe. Na taɓa jin kunya a rayuwata, amma ban taɓa ganin na sa dattijo ya rasa inda zai sa kansa ba sai ranar. Ko ruwan ba su sha ba. Suka ce da ma kasuwa ta kawo su, za su kwana wurin wani ɗan'uwa a Ƙafin Maiyaki, suka tafi.

Na tsamo notin na ɗaure, na sa filta, na zuba sabon mai, na kwashe ƙasar da ta ɓaci. Matata ta tambaye ni me suka ce, na ce ƙarar ƙarfe ba ta bari na ji ba. Tuwon ranar ban iya ci ba.

Washegari bayan asuba na sa babbar riga da hula na tuƙa zuwa Ƙafin Maiyaki. Ban nemi surukina ba, ƙanen na kira gefe. Na ce masa zan shiga Kano neman kayan mota, gaba ba kowa, ko suna da wata lalura a birni. Ya shiga ciki ya daɗe, ya fito ya ce da ma suna son gaida wani ɗan'uwansu. Surukina ya ƙi zama a gaba, sai da ƙanen ya zauna tsakaninmu. Muka wuce Bagauda, muka shiga gari. Na tsaya a bakin asibitin ido na ce zan duba taya. Na zagaya baya na tsuguna har sai da na ji sun sauka, sannan na bi su daga nesa na yanki kati, na miƙa wa ƙanen.

An yi wa surukina aiki a ido ɗaya, kuma ya gani da shi har ƙarshen rayuwarsa. Ɗayan ya ƙi yarda a taɓa. Ni na kai shi duk komawar da likita ya ce a yi, kullum da wani dalilin da na ƙirƙira, kullum ƙanen a tsakiya. Da damina ta zo ya koma gonarsa. In na je gaishe shi sai ya aiko a ce yana amsawa, a kawo min nono da fura a ɗakin baƙi, in sha in kamo hanya.