Ranar da Kaset Ya Laƙe a Gidan Maƙwabciya

Duk sanda na ji ƙamshin kwakwa ana soya ta, sai gabana ya ɗan faɗi. Ƙamshin falon maƙwabciyarmu ke nan a unguwar Parkchester, can ƙasar waje, wata tsohuwa Ba'indiya mai furfura har gadon baya.

Ina 'yar firamare lokacin. Da safe naƙuda ta kama Umma tun watan bai kai ba, jini ya ɓalle mata. Baba ya tafi da ita asibiti, ya bar ni da Kaka wurin tsohuwar, domin Kaka ba ta iya taka ƙanƙara. Na ga fuskarsa a bakin lif, ban taɓa ganinta haka ba.

Kaka ba Turanci, tsohuwar ba Hausa. Sai ta sa mana kaset na wani tsohon fim marar kala. Kaka ta sha kallon Indiya a Kano, amma ta karkata kunne ta ce, "Wannan ba Indiyancin da na sani ba ne." Tsohuwar ta dafa ƙirjinta ta ce, "Kannada." Yaren garinsu ke nan, a kudancin ƙasar.

A fim ɗin, wani boka mai gashin baki ya mayar da matar sarki bishiya. Ɗanta ya hau ƙaton tsuntsu neman ruwan da zai dawo da ita. Kana ganin zaren da ya rataye tsuntsun, amma ni ban yi dariya ba. Ganye yana zubowa daga bishiyar, ni kuwa Umma nake gani. Na ƙudurta a raina cewa in ya kawo ruwan nan, ita ma za ta tashi.

Kaka tana jan carbi tana fassara mini yaren da ba ta ji. Hitar ɗumama ɗaki tana ƙwanƙwasa, wayar da ke bango ta yi shiru.

Yaron ya iso da tulunsa ke nan, sai hoto ya yi rawa, bidiyon ya tauna kaset. Na fasa ihu.

"Ta mutu, Kaka! Bai kai ruwan ba!"

"Kul! Rufe bakinki," in ji Kaka. Amma ta ƙara riƙe ni gam.

Tsohuwar ta dube ni, ta gane. Ta zaro kaset ɗin, zarensa ya tsinke, ba gyara. Sai ta ɗauko butar shayi, ta tsaya tsakiyar falo ta ɗaga hannu ɗaya kamar reshe. Ta ɗiga ruwa a ƙafarta, ta sauke hannun a hankali, ta buɗe ido, ta rungume ni. Kaka ta ce, "Kin gani? Ya kai."

Sai bayan la'asar wayar ta yi ƙara. Umma ta tsira. Jaririn bai zo da rai ba.

Yanzu tsofaffin finafinan nan sun cika intanet, 'ya'yana kuma in labari ya tsananta sai su ja shi zuwa ƙarshe su huta. Na nemi wancan fim ban same shi ba, don ban san sunansa ba. Da na girma, jikar tsohuwar ta taɓa gaya mini cewa iyakar saninta matar sarkin ba ta dawo mutum ba. Ban ƙara nemansa ba.