Baba Sifana da bonet ɗin da ya ƙi buɗewa

Kun taɓa ganin mutumin da hannunsa ke masa ƙaiƙayi in ya ga abu ya lalace? To Baba Sifana kenan. Direba ne amma a gareji ya taso, tun yana yaro yake kwanciya ƙarƙashin mota har bayansa ya ce ya gaji shi ne ya koma sitiyari. Ko ɗaurin aure za shi akwai ƙaramar sifana a aljihunsa, duk rigunansa aljihun ya huje matarsa ta gaji da ɗinki. A layinsu babu fanka ko keken ɗinki da bai ga cikinsa ba, wani ya gyaru wani kuma a ga kusoshi biyu sun yi saura ya ce ai dama kamfani ne suka yi almubazzaranci.

Ya daɗe yana tuƙa wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan gini. To bara maigidan nan ya je kamfani ya ciro mota sabuwa dal a leda, irin mai tsadar nan da kujerarta ma tausa take yi wa mutum. Ba a jima ba ta fara halinta, ana cikin tafiya sai fitilu su kama a gaban sitiyari ta yi ƙara ta mutu murus. Aka mayar kamfani suka ce sun gyara, ta sake, aka mayar, ta sake. Sai manajan kamfanin ya fara wata magana wai anya direbanku ba ya taɓa ta kuwa, don mun ji labarinsa.

Ɗiyar maigida lauya ce, kuma Baba ne ya riƙa kai ta makaranta tun tana kukan alawa. Ta same shi a bakin get yana goge gilashi ta ce Baba don Allah ka ji ni da kyau. Motar nan tana da garanti, kuma doka tana bayan mai saye, in sabon abu ya zo da matsala suka yi ta gyara ya ƙi to dole su canza ko su mayar da kuɗi. Amma in wani ya kwance ko kusa ɗaya a waje, sun samu abin fakewa za su ce mu muka ɓata.

Ya ce uwar ɗakina ai wata wayar wuta ce kawai ta saki ina jin ta a jikina.

Ta ce to ka bar ta a jikin naka.

Ranar da abin ya faru da rana tsaka ne, maigida na baya yana sauri zai gana da wasu baƙi da suka zo sayen kaya masu yawa. Kuma duk faɗin garin nan motar ba ta tashi mutuwa ba sai daidai ƙofar tsohon garejin su Baba. Kan ka ce me abokansa sun fito suna goge hannu da tsumma, wani mai tumbi da suka yi koyo tare ya ce a'a yau ga Sifana a motar manya, ɗaga bonet mana mu ga abin da kuɗi ya saya.

Baba ya ce ba a buɗewa.

Mai tumbi ya ce ko dai tsufa ya sa ka manta inda injin yake, a gaba yake fa.

Motoci sun taru a baya ana ta hon, gilashi ya ƙi sauka zafi kamar tanda. Maigida ya duba agogo ya ce kai buɗe ka taɓa mana mu tafi.

Baba ya ce ranka ya daɗe an hana.

Motarka ce ko tawa?

Taka ce ranka ya daɗe, shi ya sa.

Hannunsa fa har ya shiga aljihu, yana jin sanyin ƙarfen, kuma shi a ransa ya tabbata minti kaɗan zai tayar da ita. Sai ya ciro hannun ya harɗe su biyun a ƙirji ya jingina da bonet ɗin. Maigida ya fito yana huci ya tsayar da tasi, ya ce in ka kai ta gida ka ajiye min makulli ka nemi wani aikin. Baba ya kira lauya ita kuma ta kira kamfani, ya tsaya a ranar nan yana gadin bonet ana masa dariya har janwe ta zo ta ja motar.

Ya yi kwanaki a gida ba aiki, matarsa na ta mita wai ranar da ya kamata ka taɓa ba ka taɓa ba. Can kamfani kuwa suka kawo injiniyansu ya duba ko'ina yana neman sawun sifana bai samu ba, kowace kusa da fentinta na asali. Lauya ta ce to saura me, ku canza ko mu haɗu a kotu. Suka ja suka ja daga baya suka ba da sabuwa.

Maigida bai ba shi haƙuri ba, irinsu ba sa yi. Aikowa ya yi a kira shi, ya miƙa masa sabon makulli yana kallon waya ya ce gobe da wuri. Baba ya karɓa. Da suka je ɗauko motar ya ja injiniyan gefe ya ce ɗana tsakani da Allah wayar wutar ce ta saki ko? Injiniyan ya ce Baba mu ma ba mu gano ba, mayar da ita aka yi inda aka ƙera ta. Har yau abin na cin sa.

Don Allah ku tura wa duk wanda ya sayi sabuwar mota, ku fara da direbansa.