Sunan da Lauwali Ya Kira Sau Uku

Ranar Alhamis da hantsi ina ofis a Kano, abokinmu Falalu ya shigo daga Gwiwa ya tsaya a gaban teburina, ya ce Allah Ya yi wa Malam Muhammadu Lawal na Gwiwa rasuwa. Sai da ya ƙara da cewa "Lauwali" sannan maganar ta shige ni. Ka rasu ranar Talata, 14 ga watan Yuni, 1983, bayan sallar La'asar, cikin kwanakin farko na Azumi, aka yi maka sutura kafin a sha ruwa. Daga Allah muka zo, kuma ga shi ɗaya bayan ɗaya muna komawa gare Shi. Ban samu sallarka ba, ban kama makararka ba, kuma shekara takwas ke nan rabona da ƙofar gidanka. Wannan takarda ta'aziyya ce, amma kuma amsa ce da na makara wajen bayarwa.

Tun muna elementare a Kazaure muka san juna. Sunana Sama'ilu, sunan mahaifinka ke nan, saboda haka tun ranar farko ka raɗa mini Mai Sunan Baba, kuma da shi ka kira ni har muka yi gemu. Na tuna lokacin da aka naɗa ka kiran sunayen 'yan aji. Kullum in ka zo kan nawa sai ka yi shiru, ka ɗago kai ka dube ni, ni kuma in amsa. Wata rana malamin ya lura, ya ce ko ka karanta sunan yadda yake a rubuce ko ka miƙo hannu. Ka miƙa hannun. Bulala shida ka sha, ka koma ka zauna kana hura tafinka, ni kuwa ina ta dariya. Ban san wannan kunyar taka za ta biyo mu har girma ba.

Shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai aka tura ka Gwiwa malamin yaƙi da jahilci, ni kuma ina akawu a Roni. Magidanta ne ɗalibanka, manoma da makiyaya, waɗanda ba su ga dalilin da zai sa mai mata da 'ya'ya ya zauna yana maimaita baƙaƙe kamar yaro ba. Mako uku ajin ya watse. Wani malamin da ya rubuta wa na gaba da shi cewa mutanen ba su da sha'awa, ya nemi canjin gari. Kai kuwa sai ka ɗauki teburin ajin ka kai shi zaurenka, ka zana masa taswirar wata ƙasa da babu ita a duniya, da duwatsunta da rijiyoyinta da garuruwa masu ganuwa. Ka ce duk mai son tafiyar fatauci ba tare da ya bar gari ba ya zo bayan La'asar.

Ga yadda wasan yake, don waɗanda ba su riske shi ba. Mutum biyar ko shida su kewaye teburin, kowa fatake ne a ayari ɗaya. Kai ne mai jan tafiya: kai kake faɗin abin da ayarin ya tarar a hanya, ko kogi ya cika, ko 'yan fashi sun tare, ko sarkin gari ya rufe ƙofa. Kowa ya faɗi dabararsa, a watsa ƙwallayen dabino huɗu da aka ƙona gefe ɗaya, su nuna ko dabarar ta ci. A kowane zango akwai 'yar takarda a kife, kuma ayari ba ya gaba sai wani ya karanta ta. A nan ka ɓoye karatun. Mutanen da suka guje wa allo sai ga su suna rige-rigen haɗa baƙi, don su san ko rijiyar da ke gabansu tana da ruwa.

Amma abin da ya sa aka san wasan har Babura shi ne fuskokin. Shatu matarka, wadda ta gaji zanen ƙwarya daga iyayenta, ita ta yi su: ƙwarya bakwai, kowace an huda mata idanu an zana mata kamannin wata dabba, da igiyar ɗaurawa a ƙeya. A cikin labarin, fuskokin na sihiri ne, wanda ya ɗaura ya samu baiwar dabbar. Ka rubuta musu dokoki a wani littafi mai jan bango. Ba wanda yake zaɓar fuskarsa, ƙwallaye ne ke zaɓa masa. Kowace fuska tana da baiwa, tana kuma da nauyi. Mai fuskar kunkuru kibiya ba ta huda shi, amma taku ɗaya yake yi inda wasu ke yin uku. Mai fuskar kura yana ɓalle kowace ƙofa, amma ba a cin abinci tare da shi. Mai fuskar hankaka yana hango abin da ke bayan dutse, amma dole ya faɗi duk abin da ya gani, ba ragi.

Doka ta ƙarshe ita ce babba. Abin da mutum ya faɗa yana cikin fuska, maganar fuskar ce, ba a bin sa da ita gida. Sharaɗin kawai shi ne a fitar da shi bisa ƙa'ida: mai jan tafiya ya kira sunansa na yanka sau uku, ya ce, "Fito, tafiya ta ƙare," shi kuma ya ce, "Na'am, na fito." Wanda ya cire da hannunsa, maganarsa ta zama tasa. Da yake bakinka ba ya iya kama sunana, sai ka ƙara layi ɗaya a ƙasa, cewa na Mai Sunan Baba, Falalu ne zai kira. Falalu makiyayi ne a lokacin, shi ne farkon wanda ya iya karatu a teburin, yau kuwa malamin dabbobi ne.

Ba kowa ya yi murna ba. An kai ƙara wurin Kawu Daudu, limamin unguwa, cewa a zaurenka ana caca, ana kuma sa fuskar dodanni. Ya zo da sandarsa ya zauna a bakin ƙofa ranar Laraba, ranar wasan. Ya ga ba a ajiye ko anini ba, ya ga ana tashi da an kira salla. Da ayarin ya maƙale a bakin kogi, sai aka ji shi daga inda yake zaune yana cewa a ɗaure jakunan da igiya ɗaya mana. Daga ranar bai sake fashin Laraba ba, ko da yake har ya bar duniya bai yarda ya ɗaura ƙwarya ba.

Na tuna Maikasuwa mai i'ina, wanda ko a gaban 'ya'yansa ba ya son buɗe baki. Kusan kullum kunkuru ke faɗo masa, kuma dokar kunkuru ta ce ba a katse shi, komai daɗewar maganarsa. A cikin wannan ƙwaryar Maikasuwa ya fara magana a gaban jama'a ba wanda ya yi dariya. Na daɗe ina zargin kana murɗa ƙwallayen nan, Lauwali. Na tambaye ka sau ɗaya, ka ce dabino ma ya san wanda ya dace. Haka kake taimako, ta inda mutum ba zai ji an taimake shi ba. Wasiƙun matan da mazansu ke ci-rani kai kake karanta musu, a tsaye daga bayan zana, kuma ba a taɓa jin sirrin wata a bakinka ba.

Yanzu na zo inda alƙalamin yake yi mini nauyi. Shekarar da aka yi wa ma'aikata babban ƙarin albashi, 1975, ina Kano, na sayi babur, kaina ya kumbura. Na yi ta zarya wurin maigidana a ma'aikata har ya yarda zai ba ka kujera a ofishin ilimi. Na hau babur na zo Gwiwa da albishir, ka saurare ni har na gama, ka yi godiya, ka ce ba za ka je ba. Kana da magidanta goma sha ɗaya da suka kusa iya rubuta sunansu, ka ce in ka tafi yanzu sun koma gidan jiya. Na ji kamar ka watsa mini ƙasa a ido. Me zan koma in gaya wa maigidana?

Da La'asar aka zauna wasa, ka ce in zauna a wurina na da. Falalu ba ya nan, ya tafi Kanya Babba duba shanu. Aka watsa ƙwallaye, hankaka ya faɗo mini. Da ayarin ya isa gindin dutse, ka tambaye ni yadda aka saba, ka ce hankaka me yake hangowa. Na ce:

"Ina hango wani mutum, furfura ta fara fito masa, sa'o'insa duk sun yi gaba. Ba ɗa, ba jika, sai ƙwarya bakwai yake reno."

Shekara goma sha biyar da aurenku Allah bai ba ku haihuwa ba, kuma na san Shatu tana bayan zana tana jin komai, don a nan take zama kullum ta saurari tafiyar. Na ji ƙarar faifai ya faɗi daga hannunta.

Ba ka ɗaga murya ba. Ka rufe littafin, ka fara fitar da mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa. Da ka zo kaina sai ka buɗe baki, ka juya ka dubi wurin zaman Falalu, babu kowa. Sauran duk sun sunkuyar da kai, ba wanda ya tuna ya karɓe ka. Da na yi haƙuri kaɗan, da ka sa wani ya kira. Amma ni na fizge igiyar da hannuna, na kife ƙwaryar a kan teburin, na fita na tayar da babur.

Shekara takwas ina gaya wa kaina cewa ƙi ka yi, cewa ka riƙe ni da maganar shi ya sa ka yi shiru. Ƙarya nake yi wa kaina. Ni ne fa na ga ka sha bulala shida a kan sunan nan. Kowace kaka kana aiko mini da gero da riɗi ta hannun direbobi, da 'yar takarda: zuwa ga Mai Sunan Baba, muna lafiya, wurinka yana nan. Ni kuwa in ce a gaishe ka, shi ke nan. Sau biyu aiki ya kai ni Kazaure, na tsaya a mararraba ina kallon hanyar Gwiwa, na wuce. Kunya ce ta rikiɗe ta zama girman kai, na yi ta cewa sai baɗi.

Ranar Juma'a na isa Gwiwa tare da Falalu. An yi ruwa, mutane sun yi shuka, zauren ya cika da masu gaisuwa, da yawansu da hannunsu suka rubuta sunansu a takardar baƙi. Teburin yana jingine da bango, taswirar ta kusa gogewa. Bayan an yi addu'a aka ce Shatu tana son magana da ni. Na durƙusa a bakin zanan nan dai, tana ciki cikin takaba, na yi mata gaisuwa.

Ta ce jinyar wata biyu ka yi, kuma ka hana a aika mini, wai kada a ɗaga mini hankali ina bakin aiki. Ranar Talata bayan La'asar ka ce a miƙo maka ƙwaryar hankaka, wadda tun ranar nan ba a sake ɗaura wa kowa ba. Ka ɗora ta a ƙirjinka. Ita ma Shatu ba ta iya faɗin sunan, don na surukinta ne, sai ta ce:

"Ya kira sunan nan, sunan Baba, sau uku, a fili. Tunda nake da shi ban taɓa ji a bakinsa ba. Sannan ya ce, fito, tafiya ta ƙare. Mutane suka fashe da kuka, suna cewa mahaifinsa yake gani, tafiyarsa yake nufi. Ni na san wanda yake kira."

Bayan nan, in ji ta, ba ka sake cewa komai ba sai kalmar shahada.

Na ce mata ita ma ina neman ta yafe mini, don maganar ta fi sukar ta. Sai ta turo ƙwaryar ta ƙarƙashin zanan, igiyar da na tsinka an ƙulle ta da sabon zare. Ta ce ita ta zana ƙwaryar nan da hannunta, ba za ta riƙe kowa da abin da ƙwaryar ta faɗa ba.

Lauwali, dokar da ka rubuta da hannunka ta ce wanda ya cire fuskarsa da kansa maganarsa ta zama tasa. Ta zama tawa, na ɗauke ta shekara takwas. Kai kuma ka karya kunyar da ka riƙe tun kana yaro, a numfashinka na ƙarshe, don ka mayar da ita cikin ƙwarya. Ban cancanci wannan ba, kuma ba ni da inda zan same ka in ce na gode.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Shatu, Allah Ya ba ta haƙuri da juriya, Ya zame mata gata. Ina yi wa 'yar'uwarka Asma'u da Baraka 'yar ɗan'uwanka da kuka riƙe, da Falalu da Maikasuwa, da duk magidancin da ya fara haɗa baƙi a bakin teburin nan. Ga su nan cike da zaure, su ne amsar abin da hankaka ya faɗa. Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa karatun da ka koyar ya yi ta bin ka da lada. Yadda ka yafe kafin a roƙe ka, Allah Ya yafe maka kafin hisabi. Ya sa Aljanna ce zangonka na ƙarshe, in tamu ta zo mu cika da imani, amin.

Saura abu ɗaya da littafin mai jan bango ya ce wanda aka kira ya yi. Ka kira ranar Talata, ban ji ba sai Juma'a.

Na'am, Lauwali. Na fito.

Sama'ilu, Mai Sunan Baba
Kano