Kurege Ba Ya Kiwon Dare

A gidanmu na Maijirgi, da an idar da sallar magariba kakata Iya Hajo kan tura kara a murhu, mu jikoki mu kewaye ta. Wata rana na kawo mata sabon ilimi daga lakwal, makarantar boko: mushe, wato malaminmu, ya ce kurege ɓera ne, haka littafi ya kira shi.

Iya ta aje ludayi. "Mushen naku ya taɓa zuwa gona? Ɓera na da farin zane a haƙarƙari? Yana da wutsiya buzu-buzu? Yana tsayuwa bisa ƙafa biyu ya dube ki ido cikin ido? Matso, ga ta nan."

Ta ce wata shekara shaho ya tara ƙananan namun daji ya kafa doka: rana tasa ce, mai son kiwo ya jira duhu ya tsinci saura. Gafiya ta yarda, bushiya ta yarda, ɓera ma ya sunkuyar da kai. Kurege ya ce, "Gujiyar da na binne da hannuna ba ni satarta. Da rana na binne, da rana zan tone."

Ya fito da hantsi. Rana ta gasa shi, ya ɗaga wutsiya ya yi wa kansa inuwa. Shaho ya kawo sura, kurege ya faɗa rami, amma farata sun ja masa layi a kowane gefe. Kashegari ya ɓullo ta wata ƙofar, ya ci gaba da tono.

"Zanen nan tabo ne," in ji Iya, "kuma bai taɓa ɓoye shi ba. Ƙurunƙus kan gafiya!"

Bayan shekaru mijina ya rasu, ƙanensa ya shuka gero a gonar marayuna. Mata suka ce in aika a roƙe shi a asirce, ko gefe ya bar mini. Na riƙo ƴaƴana uku, na tsaya ƙofar maigari ranar kasuwa, na faɗi magana gaban kowa. Gona ta dawo. Har yau wasu dangin mijina ba su amsa gaisuwata.

Da ƙuruciya na ɗauka wayo Iya ke koya mana. Sai a ƙofar maigari na gane: wanda ya nemi hakkinsa a ɓoye, shi ya mai da kansa ɓarawo. Gaisuwar kuwa, su riƙe abarsu. Bana wake na shuka, ya yi kyau.